TSOHON BAKIN FADAMA: LABARIN MAI BI WANDA YA CI GUMINSA

Ya kai mai karatu, ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, mun san tambayar da ke cikin zuciyarka, gama mutane da yawa sun riga ka kawo ta wurinmu. Sukan ce, Idan na bi Yesu Kristi, yaya zamana zai kasance? Me zan yi da gonata? Me zan ce wa ubana? Yaya zan riƙe matata da 'ya'yana? Da muna so, da mun jera maka dokoki ɗaya bayan ɗaya. Amma matafiyi ya fi saurin gane hanya idan ya ga sawun wanda ya riga shi wucewa. Saboda haka za mu ba ka labarin wani tsoho na ƙasar Haɗejiya, wanda ya yi shekara 92 a duniya, ya kuwa yi wajen 67 daga cikinsu yana bin Ubangiji. Ba za mu faɗi sunansa ba, domin shi kansa ba ya son a yi shelarsa, iyalinsa kuma suna nan da rai. Mutanen ƙauyensu suna ce masa Baba, jikokinsa suna ce masa Kaka.

1. Ƙasar da ya tashi

Kogin Kano da Kogin Challawa sukan haɗu su zama Kogin Haɗejiya. Shi kuwa sa'ad da ya wuce birnin Haɗejiya sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ya rarrabu hannu hannu tsakanin tuddan rairayi, ya malale cikin fadamu har wajen Nguru, kāna ya gamu da Kogin Jama'are kusa da Gashuwa, su tafi tare zuwa Tafkin Chadi. A watan Agusta da Satumba ruwan yakan cika fadama, manoma su sami shinkafa, masunta su sami tarwaɗa da ƙarfasa. Idan ya janye, a shuka wake a danshin da ya bari, makiyaya kuma su sauko da shanunsu su ci ciyawa. A bisa tudu ana noma gero da dawa. Ƙasa ce mai albarka ƙwarai, amma ba ta ciyad da rago, gama kowane wata yana zuwa da nasa aiki.

A wani ƙauye na wannan fadama, gabas da Haɗejiya, aka haifi tsohon nan. Uwarsa ta gaya masa an haife shi shekarar da jirgin ƙasa ya kai Nguru, watau 1930, a zamanin Sarkin Haɗejiya Usman. Tun yana ƙarami yana koran tsuntsaye a gonar shinkafa, ya girma ya shiga gandun ubansa, ya koyi su a kan gora, ya koyi yankan kaba da tufkar igiya. Bai shiga makarantar boko ba. Har ya yi shekara ashirin da biyar bai san baƙi ko ɗaya na boko ba.

2. Yadda ya ji bishara, da abin da ya biyo baya

A kwanakin nan gyaɗa ita ce dukiyar ƙasar Arewa. Da kaka akan tara ta a tashoshin jirgi, a ɗinke cikin buhuna, a kai Kano inda ake yin dalar gyaɗa. Samari sukan tafi tashar Malam Madori su yi dako domin su sami kuɗin haraji da na aure. Wajen shekarar 1955 saurayin nan ya tafi tare da su. Can ya gamu da wani ma'aikacin reluwe, mai bi, wanda yake da Littafi Mai Tsarki na Hausa, irin wanda aka buga a 1932. Da dare, bayan an tashi daga aiki, mutumin yakan kunna fitila ya karanta a fili, duk mai so ya zauna ya ji. Saurayin ya zauna dare ɗaya don kallo, ya koma dare na biyu don labarin ya yi masa daɗi, har ya zama ba ya iya barci sai ya ji. Abin da ya kama zuciyarsa shi ne labarin ɗan nan da ya karɓi rabonsa na gado ya lalatar a ƙasa mai nisa, ubansa kuwa ya sheƙa da gudu ya tarye shi sa'ad da ya komo. Ya ce a ransa, Ashe haka Allah yake da mai zunubi? Kafin rani ya ƙare ya tuba, ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi, ya kuma fara koyon karatu a wurin mutumin.

Sa'ad da ya koma gida bai ɓoye ba. Ya durƙusa gaban ubansa ya faɗa masa. Uban ya yi fushi ƙwarai, ya ce, "Kai yaro, ka zaɓa. Ko ka bar wannan magana, ko ka bar gayaunar da na ba ka a fadama." Shi kuwa ya amsa da murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Baba, gona taka ce, ka yi yadda ka ga dama da ita. Wannan magana ba zan iya barinta ba. Amma ni ɗanka ne har gobe, gandunka kuma ba zan daina noma ba."

Uban ya karɓe gonar ya ba ƙanensa. Aka raba masa ƙwarya, ba wanda yake ci tare da shi. Washegari da asuba, kafin kowa ya fito, aka gan shi a gandun ubansa da fartanya. Haka ya yi damina bayan damina, shekara bakwai, ba a gode masa ba, shi kuma bai yi gunaguni ba. Ya sari wani daji a tudu ya yi tasa gona, yakan nome ta da yamma. Bayan wannan idanun uban suka mutu, 'ya'yan da aka fifita suka watse neman kuɗi, sai ɗan nan da aka ƙi shi ne yake jan sandarsa, yake kai shi inuwa, yake wanke masa riga. Uban ya rasu bai bi wannan hanya ba, ba ma so mu ƙara wa labarin abin da babu. Amma kafin ya rasu ya kira dattawan gari ya ce a mayar wa yaron nan gonarsa ta fadama, ya kuma sa masa albarka.

Ɗan'uwana, ka lura da wannan. Akwai sababbin masu bi waɗanda, idan danginsu suka tsananta musu, sai su mayar da baƙar magana, su raina iyayensu, su ce ai yanzu sun sami haske, tsofaffi suna cikin duhu. Wannan girman kai ne, Shaiɗan ne kuwa yake hura shi. Dokar Allah da ta umurce mu mu girmama uba da uwa ba ta ware iyayen da ba su ba da gaskiya ba. Idan ubanka ya hana ka bin Kristi, a nan kaɗai ba za ka yi masa biyayya ba. Cikin sauran abu duka, sai ka fi dā ladabi, ka fi dā zumunci, domin ya gani da idonsa irin ɗan da Kristi ya mayar masa.

3. Aikin hannunsa

Ya auri wata mai bi daga wani gari, suka zauna tare fiye da shekara sittin, bai yi mata kishiya ba, ko da yake abokansa sun yi ta yi masa ba'a. Allah ya ba su 'ya'ya tara, uku suka rasu suna ƙanana, biyu daga cikinsu cikin mako guda saboda ƙyanda. Shida suka rayu.

Ga yadda shekararsa take tafiya. Da bazara ya share gona ya kai taki. Ruwan fari ya sauka, ya shuka gero da dawa a tudu, ya watsa shinkafa a fadama kafin kogi ya kawo. Da kaka ya girbe, ya fid da zakkarsa ta Ubangiji tun daga masussuka, ya cika rumbu, ya ware iri. Da sanyin hunturu ya shiga ruwa da koma. Da rani ya yi lambu a bakin kogi, yana ɗebo ruwa da jigo, guga bayan guga, ya shayad da albasa da barkono. Idan zafin rana ya kore shi zuwa inuwa, hannunsa yana kan kaba, yana saƙar tabarma. Ran Lahadi kaɗai yakan jingine fartanya, ko da ciyawa ta ci gonar, ya sa farar rigarsa, ya tafi da iyalinsa gaba ɗaya wurin sujada, tafiyar sa'a biyu a ƙasa, gama babu majami'a a ƙauyensu.

Wata rana wani saurayi sabon tuba ya zo wurinsa ya ce, "Baba, yanzu na zama mai bi. Ina so ka yi mini magana da shugabannin ikilisiya su ba ni wani aiki mai albashi, na gaji da duƙe." Tsohon ya miƙa masa fartanya ya ce, "Ɗana, zo mu gama kunyar nan tukuna, sa'an nan mu yi magana." Suka yi ta noma har la'asar. Da suka zauna ya ce masa, "Ka ji a Littafi cewa tun mutum bai yi zunubi ba Allah ya sa shi a gona domin ya nome ta. Ubangijinmu kansa masassaƙi ne a Nazarat. Manzo Bulus yana ɗinkin tanti da hannunsa don kada ya nauyaya wa kowa. Kai wane ne da fartanya za ta ƙasƙantar da kai?"

Gaskiya tsohon ya faɗa. Wanda ya shiga bin Kristi domin ya huta da aiki, ya ci daga hannun waɗansu, ya ɓata hanya tun daga ƙofa. Bulus ya rubuta wa masu bi na Tasalonika da zafi a kan masu zaman banza, ya hana a ciyad da wanda ya ƙi aiki da gangan. Maƙwabtanka suna dubanka. Idan gonarka ita ce ta fi kowace ciyawa, bashinka kuma ya fi na kowa daɗewa, wa zai kasa kunne ga wa'azinka?

Aikin nan kuwa ba kullum yake tafiya daidai ba. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma ta Challawa. Ruwan da yakan malale fadama da damina ya ragu, har waɗansu gonakin shinkafa suka bushe, gonar da ubansa ya mayar masa tana cikinsu. A 1975 ciwo ya faɗa wa gyaɗa, cinikinta ya karye. Daga baya, a wuraren da ruwa ya zama ba ya janyewa rani da damina, kacalla ta tsiro ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, jan baki kuma suka sami maɓuya a cikinta suna fitowa su cinye hatsi. Mutane da yawa suka zauna a dandali suna zagin zamani. Shi kuwa ya haƙa rijiya a gonar da ta bushe. Bayan shekaru suka haɗa kuɗi da maƙwabta uku suka sayi injin ban ruwa, suka noma alkama da rani. Sa'ad da aka kira gayya domin yankan kacalla, ana shiga ruwa har ƙirji da lauje, shi ne kan gaba, yana da furfura. Yakan ce Allah bai yi masa alkawarin kogi zai zauna yadda yake ba, alkawarin da ya yi masa shi ne ba zai yashe shi ba.

4. Kuɗin amana

Yanzu ka ji abin da ya sa mutanen ƙauyen, har waɗanda ba sa son addininsa, suke rantsuwa da gaskiyarsa. Wani maƙwabcinsa Musulmi, masunci, ya yi niyyar tafiya su Tafkin Chadi. Ya zo da dare ya ba shi fam goma sha biyu a ƙulle cikin tsumma, ya ce ya ajiye masa, kuɗin auren ɗansa ne. Babu shaida, babu takarda. Mutumin ya tafi, aka daina jin labarinsa. A farkon 1973 gwamnati ta sake kuɗi, fam ya zama naira biyu. Tsohon ya ɗauki ƙullin ya tafi Haɗejiya ya canja, ya komo da naira ashirin da huɗu, ya sa a tukunya ya binne a ɗakinsa.

Shekarun nan, 1972 da 1973, su ne na babban fari. Gero ya bushe a tsaye, kogi bai kawo ba, shanu suka mutu a kan hanya. Rumbu ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba. Iyalin suka koma cin tafasa da ƙwallon goruba da bado. Wani dare ƙaramar 'yarsu tana kuka saboda yunwa, matar ta zo ta durƙusa ta ce, "Maigida, ga kuɗi a ƙarƙashin ƙafarmu, ga yarinya tana mutuwa. Mai kuɗin nan wa ya sani ko yana da rai? Mu ranta mu sayi hatsi, idan Allah ya kawo kaka mu mayar."

Kada ka ga laifin matar nan, mai karatu, gama uwa ce, kai ma da kana wurin watakila haka za ka faɗa. Tsohon ya faɗa wa jikokinsa daga baya cewa a dukan ransa ba a taɓa jarabtarsa kamar daren nan ba. Ya fita waje ya yi addu'a har gari ya kusa wayewa. Ya komo ya ce mata, "Rance sai da yardar mai abu. Wanda ya ba ni bai ce in ranta ba, ba ya kuwa nan balle in roƙe shi. Amma muna da abin da yake namu." Da safe ya tura kekensa, wanda ya yi shekara biyar yana tara kuɗinsa, ya kai kasuwa ya sayar da shi da araha, ya haɗa da akuyarsu ta ƙarshe, ya sayo dawa. Ya yi ta saƙar tabarmi dare da rana yana kaiwa kasuwa a kā. Da ƙyar suka ga kaka, amma ba wanda ya mutu a gidan.

Bayan shekara huɗu masuncin ya komo, ya rame, hannu wofi, jirginsa ya nutse. Kunya ta hana shi tambaya, gama ya san irin yunwar da aka yi. Tsohon ne ya kira shi, ya tone tukunya a gabansa, ya ƙirga masa naira ashirin da huɗu. Mutumin ya riƙe baki, hawaye suna zuba. Daga ran nan, in gardama ta tashi a kan iyakar gona, ko tsakanin manomi da makiyayi, akan ce a kira Baba ya faɗi abin da ya sani, abin da ya faɗa kuwa shi ne ya zauna.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Yawancin masu cin amana ba su tashi da niyyar sata ba. Da sunan rance sukan fara. Idan aka ba ka ajiya, ko kuɗin baiko na ikilisiya, ko awo a kasuwa, ka tuna idon Allah yana kanka a inda babu shaida.

5. Laifinsa da tubansa

Kada ka zaci muna ba ka labarin mala'ika. Tsohon nan yana da zafin zuciya, shi ne ƙayar da ya yi ta fama da ita. Mai ƙwazo sau da yawa ba ya haƙuri da mai sanyin jiki. Wata rana ɗansa na fari, yana da shekara goma sha biyar, ya bar lambu ya tafi kallon dambe, awaki suka shiga suka cinye albasa. Uban ya kama shi ya yi masa dūka ba na horo ba, har ya ji masa ciwo a hannu, ya kuma zage shi a gaban mutane.

Da dare iyali suka taru domin addu'a kamar yadda suka saba. Ya buɗe Littafi, ya kasa karatu. Ya tuna koyarwar Ubangiji, cewa mutum ya fara shiryawa da wanda ya yi wa laifi kafin ya kawo baikonsa gaban Allah. Ka san al'adarmu, uba yana jin kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya sakin fuska da shi. Amma daren nan ya tashi ya je inda yaron yake kwance, ya kira shi da sunansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Barin lambu laifinka ne. Dūkan da na yi maka cikin fushi, da zagin da na yi maka, laifina ne, na yi wa Allah zunubi, na yi maka. Ka gafarta mini." Yaron ya fashe da kuka. Shi ne yau dattijo a ikilisiyarsu, ya kuwa shaida cewa a daren nan ne ya gane addinin ubansa gaskiya ne.

Waɗansu za su ce wannan zub da girma ne. Amma mai gida wanda ba ya taɓa amsa laifinsa yana koya wa 'ya'yansa riya. Fushin tsohon bai tafi rana ɗaya ba. Ya yi shekaru yana faɗuwa yana tashi, yana roƙon taimakon Ruhu Mai Tsarki, har jikokinsa da suka tashi suka tarar da mutum mai sanyin hali, suna mamaki idan aka ce musu dā mafaɗaci ne.

6. Kaka da jikokinsa

Sa'ad da ƙarfinsa ya ragu, 'ya'yansa suka hana shi noma, sai ya mayar da ƙofar gidansa makaranta. Yana zaune a kan tabarma yana tufka, jikoki kewaye da shi. Yana wasa da su irin wasan kaka da jika, yana ce wa 'yan matan amarensa, yana ce wa mazan sun zo ƙwace masa mata. Cikin wasan nan yake koya musu ɗaurin ƙugiya, da yadda ake gane ƙasar da za ta karɓi shinkafa, da labarin Yusufu wanda ya tara hatsi a Masar saboda shekarun yunwa, da labarin Rut mai kala a gonar Bo'aza. Shi da bai shiga aji ba, ya sa dukan 'ya'yansa makaranta, mata da maza, ya sayar da kifi ya biya. Cikin jikokinsa akwai malamin makaranta, da ma'aikaciyar asibiti, da manoma, da mai gyaran injin ban ruwa, bai kuwa fifita mai albashi a kan mai fartanya ba.

Yakan yi addu'a saboda kowane jika da sunansa, kowace safiya, yana ƙirga su a gaɓoɓin yatsunsa. Akwai guda wanda ya tafi Kano ya shiga shaye-shaye, ya sayar da babur na ubansa. Dangi suka ce a sallama shi. Tsohon ya ce, "Ni ma an taɓa raba mini ƙwarya, na san ɗacinta. Ku bar masa ƙofa a buɗe." Yaron bai komo ba har Kakan ya rasu, iyalin kuwa suna yi masa addu'a har yanzu, gama tsohon ya ɗora musu wannan nawaya.

Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama cikin kakarsa Loyis. Kai sabon mai bi, watakila kai kaɗai ne a danginku, kana ganin kanka kamar tsiro ɗaya a tsakiyar fako. Tsohon nan ma haka ya fara a 1955. Yadda ka riƙe gidanka yau, shi jikokinka za su gāda.

7. Ƙarshen kwanakinsa

Matarsa ta riga shi da shekara shida. A daminar 2022 ruwa ya yi ambaliya a Jihar Jigawa, ya cinye gonaki, ya rushe gidaje masu yawa a ƙasar Haɗejiya. Ɗakin da ya gina da hannunsa ya faɗi, jikokinsa suka ɗauke shi cikin kwalekwale zuwa tudu. Yana duban ruwa ya rufe gonakin da ya yi shekara saba'in yana nomawa. Wani jikansa ya ce, "Kaka, duk wahalarka ta tafi a banza." Ya ce, "A'a. Gona aro ce aka ba ni, na ci, na ciyad da ku. Idan ruwa ya janye ku koma ku shuka."

Bayan wata biyu ya kwanta. Mai bishara ya zo gaishe shi, ya ce masa, "Baba, ka yi aiki mai yawa, ka riƙe amana, lalle ladanka yana da girma." Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Malam, kada ka sa ni in dogara ga wannan. Idan aka auna aikina da zunubina, na hallaka. Ni ne ɗan nan da ya komo daga ƙasa mai nisa. Yesu ya mutu domina, ya tashi, shi kaɗai na riƙe." Ya rasu da asuba, cikin kwanakin girbi. Ranar jana'izarsa Musulmin ƙauyen suka zo suka taya haƙa kabari, ɗan masuncin nan yana cikinsu.

Ka ji wannan da kyau, domin a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Ƙwazon tsohon nan bai saya masa ceto ba, riƙon amanarsa kuma bai wanke zunubinsa ba. Ceto kyauta ne na alherin Allah, ta wurin bangaskiya ga Yesu Kristi wanda aka gicciye saboda mu. Aikin kirki 'ya'ya ne da itacen yake bayarwa bayan an dasa shi. Idan ka yi ƙoƙarin kwaikwayon halin tsohon ba tare da Mai Cetonsa ba, za ka gaji a hanya. Idan kuwa ka ce ka karɓi Mai Cetonsa, amma kana zaman lalaci, kana cin amana, kana wulakanta iyayenka da matarka, sai ka binciki kanka ko tubanka na gaskiya ne.

8. Tambayoyi domin ka auna kanka

Tun da na ba da gaskiya, iyayena sun ga ƙarin ladabi a wurina, ko ƙarin raini?

Ina cin gumina, ko ina jiran abin hannun waɗansu?

Akwai ajiya ko bashi a wurina wanda na yi shiru a kansa?

Akwai wani a gidana, ko mata ko ɗa, wanda ya kamata in roƙi gafararsa kafin in kwanta yau?

Ina tara iyalina domin karatun Littafi da addu'a?

Idan kwanana ya ƙare, ga me zan dogara a gaban Allah?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai ne mai ba da ruwan sama da amfanin ƙasa, kai ne kuma mai ƙidaya kwanakinmu. Mun gode maka saboda bayinka da suka riga mu, waɗanda suka bi ka da aminci har tsufa. Ka gafarta mana ragwancinmu da fushinmu da rashin gaskiyarmu. Ka ƙarfafa hannuwanmu ga aiki, ka sa mu girmama iyayenmu, mu ƙaunaci iyalinmu, mu zauna lafiya da maƙwabtanmu. Ka komo da 'ya'yanmu da suka ɓata. Ko kwanakinmu kaɗan ne ko da yawa, ka riƙe mu cikin bangaskiya har matuƙa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.